Jiragen gwanjo na Jakarta: wa ya biya kuɗin hana shigo da su?

A watan Satumban 2022 kamfanin KAI Commuter, mai tafiyar da jiragen ƙasa na cikin birnin Jakarta da garuruwan da ke kewaye da shi, ya nemi izinin gwamnatin Indunusiya ya shigo da tarago 348 na hannu daga Japan. Ma'aikatar masana'antu ta ƙi a watan Janairun 2023. Hujjarta a fili take: ƙasar tana da masana'antar ƙera jiragen ƙasa tata, INKA, a garin Madiun, to don me za a ci gaba da kwaso abin da Tokyo ta gama yayi? Aka shafe wata shida ana kai ruwa rana a majalisa da jaridu, har a watan Yuni gwamnati ta rufe magana, ta ce babu sauran gwanjo. Sabbin jiragen da aka saya a madadinsu ba su ɗauki fasinja ko ɗaya ba sai ranar 1 ga Yunin 2025.

A ganina burin gwamnati mai kyau ne, lokacin da ta zaɓa ne bai dace ba, kuma talakan da ke tashi da asuba daga Bogor ko Bekasi don ya isa wurin aiki shi ya biya kuɗin wannan kuskure da haƙarƙarinsa. Tarihin taragan wannan layi ya nuna cewa abin da ke raba jirgi mai amfani da marar amfani ba shekarunsa ba ne. Dacewarsa da dogo da wuta, yawan 'yan'uwansa iri ɗaya, samuwar kayan gyaransa, da ranar da zai iso, su ne ma'auni.

Dogon da ya haɗa Batavia, wato Jakarta ta zamanin Turawan Holan, da Buitenzorg da yanzu ake kira Bogor, an gama shi a 1873. Faɗinsa milimita 1,067, daidai da tsohon dogon Legas zuwa Kano. Ranar 6 ga Afrilun 1925 kamfanin jirgin ƙasa na gwamnatin mulkin mallaka, Staatsspoorwegen, ya buɗe sashe na farko mai lantarki, daga tashar jiragen ruwa ta Tanjung Priok zuwa Meester Cornelis, Jatinegara ta yau. Waya ce aka ja a sama, ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 1,500, irin mai gudana ta fuska ɗaya da masu aikin lantarki ke kira DC, ana samo ta daga tashoshin wutar ruwa na Ubrug da Kracak. Kafin 1930 ta fita, waya ta kai Bogor. A riƙe waɗannan lambobi biyu, 1,067 da 1,500, domin su ne na mafi yawan layukan birnin Tokyo. Injiniyoyin Holan ba su yi don Japan ba, dace ne kawai, amma dacen da bayan shekara saba'in da biyar ya ceci birnin.

Yaƙin duniya na biyu, yaƙin neman 'yanci da talaucin shekarun 1960 sun bar layin a wulaƙance. Tsofaffin kawunan jirgin lantarki na zamanin Holan suka yi ta jan taragai har 1976, lokacin da sabbin jirage suka iso daga kamfanonin Japan irin su Nippon Sharyo da Kawasaki da Hitachi. Waɗannan ba su da kai daban. Injinan lantarkin suna rataye a ƙarƙashin taragan fasinja. Yadda ake sarrafa gudunsu tsohon yayi ne ƙwarai. Idan jirgi zai tashi, wutar takan bi ta cikin jerin rizisto, ƙarafa masu shanye wani kaso nata su mai da shi zafi, sai wani maɓalli mai juyawa ya riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya yayin da gudu ke ƙaruwa. Ɓarnar wuta ce, kuma injinan suna da burushin kabon da ke cinyewa, sai an riƙa dubawa ana canzawa. Amma duk abin da ya lalace ido na ganinsa, hannu na taɓa shi, kuma mai walda da mai naɗin waya za su iya tayar da shi. Shi ya sa wasunsu suka yi aiki har 2013, cikin lodin da ba a ƙera su dominsa ba.

A shekarun 1990 aka ce za a shiga zamani. Aka sayo ɗan kaɗan daga Hyundai da ABB, ɗan kaɗan daga Hitachi, sannan tarago 128 na haɗin gwiwar BN ta Beljiyam da Holec ta Holan, waɗanda aka haɗa mafi yawansu a INKA tsakanin 1994 da 2001. Sabbi fil ne, masu inbata, na'urar da ke sarrafa wuta a madadin rizisto, da injina marasa burushi, a takarda sun fi na 1976 ta kowace fuska. A kan dogo kuwa su ne suka yi suna wajen mutuwa a tsakiyar hanya. Allunan lantarkinsu ba su jure zafi da ƙura da lodi ba, kayan gyara suka yi wuyar samu, gareji ya koma cire na wannan jirgi a saka wa wancan, har aka wayi gari jiragen da ke ajiye sun fi masu tafiya. Daga baya aka mai da wasu masu amfani da dizal aka tura su wasu sassan tsibirin Java. Duk mai cewa sabo ya fi gwanjo ba tare da wani sharaɗi ba, ya fara bayyana mana abin da ya sami jiragen Holec.

Yanayin layin a wancan zamani sai wanda ya ga hotuna. Jiragen talakawa ba su da sanyi, ƙofofinsu a buɗe suke dare da rana saboda fasinjoji sun danne su har sun daina aiki, mutane a maƙale a bakin ƙofa, a tsakanin taragai, a kan rufi, kai kusa da wayar bolt 1,500. Ana mutuwa ta hanyar faɗowa, ana mutuwa ta hanyar jan wuta. Hatsarin Bintaro na 19 ga Oktoban 1987, inda jirage biyu masu kan dizal suka yi taho-mu-gama a bayan birnin, ya kashe sama da mutum 130, da yawansu waɗanda ke maƙale a waje ne. Japan ta ba da rance aka ɗaga dogon tsakiyar birni daga tashar Manggarai zuwa ta Jakarta Kota a kan gada a 1992, abin ya rage mararrabar dogo da titi, amma bai ƙara tarago ko ɗaya ba.

Gwanjo ya fara ne da kyauta. A 2000 gwamnatin birnin Tokyo ta ba da tarago 72 samfurin Toei 6000, waɗanda suka gama aiki a layin Mita na ƙarƙashin ƙasa. Aka sauke su a Tanjung Priok, aka ɗora a dogo, aka ɗaga hannun ƙarfen da ke kan rufi ya taɓa waya, suka tashi. Babu sauya faɗin ƙafa, babu sauya injin. Daga nan ƙofa ta buɗe: tarago 16 na samfurin 103 daga JR East, kamfanin jiragen ƙasa na gabashin Japan, a 2004, samfurin 8000 da 8500 daga Tokyu, samfurin 1000 daga Toyo Rapid, samfurin 5000 da 7000 da 05 da 6000 daga Tokyo Metro, da tarago 50 na samfurin 203 a 2011. Kuɗin tarago ɗaya har da jigila yana kusan rupiya biliyan ɗaya, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na sabo.

Wannan kashi na farko ba shi nake yabo ba. Tsince-tsince ne. Kowane samfuri da irin injinsa, irin birkinsa, irin na'urar ƙofarsa, littafin gyaransa da harshen Japananci. Ma'ajin kayan gyara da ke hidimar samfuri takwas dole ya ajiye boris iri-iri, burushi iri-iri, alluna iri-iri, kowanne kaɗan-kaɗan, kuma ranar da ake nema sai a tarar wanda ake so ne ya ƙare. Duk wanda ya taɓa riƙe motocin haya ya san bambancin mai mota ashirin ƙira ɗaya da mai ashirin kowace da ƙirarta: na farko bakanike ɗaya ya ishe shi, na biyu kullum yana kasuwar 'yan kayan gyara.

Abin da ya sauya lissafi shi ne samfurin 205 na JR East. Tarago 180 daga layin Saikyo a 2013, 176 daga layin Yokohama a 2014, 120 daga layin Nambu a 2015, sai 336 daga layin Musashino tsakanin 2018 da 2020. Jimilla 812, gangar jiki iri ɗaya, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, tsawon kowane tarago mita 20, ƙofa huɗu a kowane gefe. An fara ƙera samfurin a 1985 don layin Yamanote mai zagaye Tokyo, wato an haife shi ne don cunkoso da tsayawa kowane minti biyu ko uku. Kuma wannan karon ba ƙarfe kaɗai aka saya ba. JR East ta turo ma'aikatanta garejin Depok, aka sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa a 2014, aka koya wa ma'aikatan gida tsarin duba kafin lalacewa maimakon gyara bayan lalacewa: duban kullum, na wata, na wata uku, na wata shida, na shekara, sannan babban garambawul bayan shekara biyu ko huɗu, inda ake ɗaga gangar jiki a fitar da ƙafafu da injina a warware su. Aka kuma buɗe hanyar sayen kayan gyara na asali daga masu ƙera su.

Taragon da ya sauka daga jirgin ruwa ba ya shiga aiki kai tsaye. Ana maƙala masa garkuwar ƙarfe a ƙasan goshi don ture abin da ya faɗo kan dogo, tunda har yau akwai mararrabar titi da yawa. Shekaru da dama ana sa ragar waya a gilashin direba saboda masu jifa. Ana ƙara matakala a bakin ƙofa domin tazarar da ke tsakanin tarago da dandamalin tasha ba ɗaya ba ce da ta Tokyo. Ana dusashe gilasan tagogi saboda rana, a kashe na'urar ɗumama kujeru da ba ta da amfani a ƙasar da ba ta san hunturu ba, a sa rediyon sadarwa na gida, a gwada birki da lodi. Na'urar sanyi ita ce ke shan wahala fiye da kowa. A Japan watannin bazara kaɗai take aiki tuƙuru, a Jakarta kuwa wata goma sha biyu, cikin ƙura da laima, don haka kwamfiresonta da matatarta suna neman kulawa ninki. Ruwa ma abokin gaba ne: garejin Bukit Duri yana bakin kogin Ciliwung, kuma ambaliya ta sha shiga shi, alhali injin lantarkin da ya sha ruwa sai an busar da shi an auna kafin a kuskura a ba shi wuta.

Ana yawan jingina gyaran layin ga Ignasius Jonan, wanda ya shugabanci kamfanin jiragen ƙasa na ƙasar, KAI, daga 2009 zuwa 2014, kuma ya cancanci kaso mai tsoka. A zamaninsa aka ware taragon mata a 2010, aka soke jirage masu tsallake tashoshi a 2011 don kowane jirgi ya tsaya ko'ina, aka kawo tikitin kati da ƙofofin shiga ranar 1 ga Yulin 2013, aka kuma janye jiragen talakawa marasa sanyi ranar 25 ga wannan watan. An kori 'yan tireda da masu shaguna daga tashoshi, abin da ya jawo zanga-zanga har da ɗaliban Jami'ar Indunusiya, kuma ba zan ce an yi wa duk waɗanda aka kora adalci ba. Amma a lura da wani abu. Kafin nan an gwada fesa wa masu hawa rufi fenti, an gwada rataya ƙwallayen kankare a saman dogo a farkon 2012, duk ba su hana ba. Hawan rufi ya mutu ne ranar da kowane jirgi ya zama mai ƙofar da ke rufuwa kafin ya motsa, mai tagogi a rufe, babu inda za a taka a hau, kuma gwamnati ta sa tallafi kuɗin jirgi mai sanyi ya sauko inda talaka zai iya. Ba a iya janye tsofaffin jirage sai akwai ɗaruruwan taragai da za su maye gurbinsu nan take, kuma da kuɗin da kamfanin ke da shi a lokacin, gwanjo ne kaɗai zai iya kawo su. Fasinjoji suka ninka cikin 'yan shekaru, suka haura miliyan 330 a 2019, kusan miliyan ɗaya a ranar aiki. Tun 2016 kuɗin tafiya rupiya 3,000 ne a kilomita 25 na farko, da 1,000 a kowane kilomita 10 da ya biyo baya, wato 6,000 daga Bogor zuwa Jakarta Kota, tafiyar kusan kilomita 55.

Kada a ɗauka duk gwanjon Japan haka yake ƙarewa. A shekarar da Jakarta ta karɓi samfurin 203, Manila ma ta karɓi tarago 40 na wannan samfuri ɗin. Faɗin dogo ya dace, amma layin kamfanin jiragen ƙasa na Filifin ba shi da waya a sama. Sai aka mai da jirgin lantarki taragon ja, kan dizal yana jansa, aka dasa janareta a ciki don fitila da sanyi da ƙofofi. Jirgi iri ɗaya, shekara ɗaya, a can ya zama abin lallaɓawa, a Jakarta ya yi sama da shekara goma yana aikin da aka ƙera shi dominsa. Legas ma ta shiga wannan kasuwa don layin jirginta na cikin gari da ake kira Red Line: jirage biyu ƙirar Talgo da aka yi wa jihar Wisconsin ta Amurka ba a taɓa amfani da su ba, da tsofaffin jiragen dogon zango na Birtaniya. Ba tsufansu ne abin dubawa ba, ƙofofinsu ne. Taragon dogon zango ƙofarsa tana can ƙarshe, ƙunƙuntacciya, an yi ta don mai akwati da zai zauna awa uku. Taragon cikin gari yana bukatar ƙofofi masu faɗi a jere domin ɗaruruwan mutane su fita wasu su shiga cikin daƙiƙa talatin ko arba'in. Idan tsayawa a tasha ta kai minti biyu, jirgin baya dole ya jira, kuma yawan jiragen da layi zai ɗauka a awa ya ragu komai kyawun sigina.

Masu adawa da gwanjo suna da gaskiya a wurare uku, kuma ba ƙananan wurare ba ne. Jirgin da ya iso yana da shekara 25 ko 30 agogonsa ya riga ya yi nisa, abin da ya rage masa shekara goma zuwa goma sha biyar ne. Mai saye kuma ba shi ke zaɓar lokaci ba, sai abin da mai sayarwa ya ga damar saki, a shekarar da ya ga dama. Na ukun ya fi ban sha'awa, domin ba gangar jiki ce ke fara mutuwa ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa da alminiyam suna iya haura shekara hamsin. Abin da ke kashe jirgi shi ne akwatin lantarkin da ke ƙarƙashinsa. Samfurin 6000 na Tokyo Metro, wanda ya fara aiki a 1971, ya yi suna a duniya saboda na'urar da ke yanka wuta gunduwa-gunduwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa maimakon ƙona ta a rizisto, har ya mai da wutar birki cikin waya. Fasaha ce ta gaba a zamaninta, amma masana'antu sun daina yin sassanta tuni. Idan allo ɗaya ya ƙone, jirgi mai lafiyayyen jiki sai ya kwanta. Haka samfurin 05, wanda ya fi su ƙuruciya, ya riga wasu yayyensa barin aiki. Mai rizisto ana iya lallaɓa shi, mai inbatar zamani ana samun kayansa a kasuwa, na tsakiyar ne maraya.

To da wannan aka iso 2023. Jirage 10 za su kwanta a shekarar, 19 a mai bi mata, 29 ke nan, mai tarago goma sha biyu-biyu idan za a maye su, shi ne 348 ɗin. Abin da aka nema samfurin E217 ne, wanda JR East ta ƙera daga 1994 zuwa 1999, mai inbata da aka riga aka sabunta, kuma Japan na cikin janye shi a daidai lokacin. Gwamnati ta sa hukumar binciken kuɗi ta BPKP ta duba, hukumar ta ba da shawarar kada a shigo da su. Daga cikin hujjojin da aka karanta wa 'yan jarida akwai cewa cikar jiragen a 2023, idan aka haɗa duka, ba ta wuce kusan kashi 63 cikin 100 ba, duk da an amsa cewa akwai cunkoso safe da yamma.

Wannan lissafi shi ya fi ba ni haushi a duk maganar. Jirgin cikin gari ba a auna shi da matsakaicin yini. Jirgin da ya fito daga Bogor da ƙarfe shida na safe a cushe yake, idan ya juya daga Jakarta Kota zai koma kusan fanko, haka na ƙarfe sha ɗaya na rana. Haɗa su ka raba, ka sami lamba mai kwantar da hankali wadda babu fasinjan da ya taɓa shiga cikinta. Yawan taragan da kamfani ke bukata awa biyu na safe ne ke yanke shi, a sashen da ya fi cika, ta fuskar da mutane suka nufa. Da jirage suka fara kwanciya babu madadi, kamfanin ya ƙi rage yawan tafiye-tafiye, sai ya warware jeri: mai tarago 12 ya koma 10, mai 10 ya koma 8, aka haɗa sababbin jeri da abin da aka cire. A layin da jirgi ke wucewa kowane minti biyar, wato 12 a awa, jerin tarago 12 na ba da tarago 144, jerin 8 kuwa 96. Jadawali bai canza ba, amma sulusin wurin tsayuwa ya tafi. Dandamalin da aka kashe kuɗi aka tsawaita zuwa mita 240 don jirgi mai tarago 12 ya koma karɓar mai mita 160. Duk wannan kuma a lokacin da aka mai da Manggarai tashar sauya jirgi tun watan Mayun 2022, inda dubban mutane ke hawa da sauka a matakala ɗaya.

Sai a duba abin da aka samu a madadin. An ƙulla kwangila da INKA a watan Maris na 2023 don jirage 16, tarago 192, a kan kusan rupiya tiriliyan huɗu, kuma kowa ya san ba za su fito kafin 2025 ba. An ce za a sabunta tsofaffin jirage 19 a gida, a cire musu tsohuwar lantarki a sa sabuwa. Daga baya adadin ya koma biyu, domin sabunta jirgi yana nufin cire shi daga aiki sama da shekara a lokacin da ake ƙarancinsa, kuma kayan da za a sa ɗin ma daga waje za a jira su. An ce za a shigo da sabbin jirage uku kacal. A watan Janairun 2024 aka ba kamfanin CRRC Qingdao Sifang na ƙasar Sin kwangilar a kan rupiya biliyan 783, kusan biliyan 22 kowane tarago, sannan aka ƙara takwas suka zama 11. Wato dokar da aka kafa don kare masana'antar gida ta ƙare da odar tarago 132 daga Qingdao. Jiragen na Sin ba su da laifi, sun iso cikin kusan shekara guda, suna aiki. Amma ba Madiun ce ta ci wannan ciniki ba. Su ma na INKA, kayan lantarkin da ke tuƙa su na kamfanin Toyo Denki ne na Japan, abin da ba aibi ba ne, haka kowace masana'anta ke farawa, sai dai yana rage kaifin maganar kishin ƙasa.

Ba gwamnati kaɗai ke da laifi ba. KAI Commuter ta san shekarar haihuwar kowane tarago da ta mallaka. Ta san tun ranar da na ƙarshe daga Musashino ya sauka a 2020 cewa masu na'urar yanka wuta kwanansu ya kusa ƙarewa. Sabon jirgi, daga zane zuwa gwaji zuwa takardar izini, yana cin shekara biyu zuwa uku. Odar da aka sa wa hannu a 2023 ta 2019 ce ko 2020, kuma ko da annobar korona ta cinye kuɗin shiga, ba ta hana a zauna da ma'aikatu a tsara jadawali ba. Kamfanin ya saba da cewa izini zai fito kamar kullum, ma'aikatar kuma ta ga dama ta nuna iko. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a nan ɓangarorin biyu ranar tafiyar suka fara neman wuƙa.

Abin da ya kamata a yi ba boyayye ba ne, an ma faɗe shi a lokacin. A bar E217 su shigo a matsayin gada, adadi sananne, da ranar rufe ƙofa a rubuce. A ɗaure izinin da sharaɗin cewa kamfanin zai ba INKA oda kowace shekara, ba sau ɗaya a shekara goma ba. Masana'antar jirgi ba ta koyon aiki da oda ɗaya mai girma da za a sa ta gaggauta. Tana koyo ne idan layin haɗawa bai tsaya ba, masu walda ba su watse ba, kuma kurakuran jirgi na farko sun dawo daga gareji an gyara su a na biyar. Tarago 40 da INKA ta haɗa da Bombardier da rancen bankin KfW na Jamus a 2011 sun nuna illar akasin haka: ƙaramar oda, sannan shiru na shekaru, ilimin da aka tara ya bi iska.

Kuma maganar ba ta wuce ba. Taragai 812 na samfurin 205, waɗanda su ne ƙashin bayan layin, an ƙera su ne tsakanin tsakiyar shekarun 1980 da farkon 1990. Irin ɗayan da ya sa suka yi sauƙin riƙewa shi zai sa su tsufa tare, cikin 'yan shekaru kaɗan. Na Musashino da yawansu an sa musu inbata tun a Japan, za su ɗan ƙara jan lokaci. Na Saikyo da Yokohama da Nambu, tarago 476, har yanzu rizisto da burushi ne. Kwangilolin sabbin jirage na 2023 da 2024 gaba ɗaya, na Madiun da na Qingdao, tarago 324 ne, ba su ma cike gurbin 348 da aka nema tun farko ba. Duk odar da za a ƙara a kansu sai ta fara biyan wannan bashi da ƙaruwar fasinja kafin ta taɓa 476 ɗin, kuma idan ana so su sauka daga dogo a farkon shekarun 2030 ba tare da an sake yanke jeri zuwa tarago takwas ba, kwangilar magadansu ta shekara uku kafin nan ce.